Kurumtar Panfil Mai Goge Daɓen Majalisa

A gyara tsayuwa, a cire huluna, mai tari ya haɗiye abinsa! Ga Panfil Yegorich Lapshin nan tafe, sarkin masu goge daɓe na birnin Petrograd da kewaye, mai ƙafar dama da ta ɗara ta hagu kauri da yatsu uku, jarumin da ya kai janar biyu da babban limamin coci ɗaya ƙasa ba tare da ya taɓa ko gefen rigarsu ba. Santsin aikinsa kaɗai ya gama da su. Shekara talatin da ɗaya yana rawa a kan katako ba kiɗa ba waƙa, kuma har yau ba a sami mai imanin da ya tafa masa ba.

Daga wani ƙauye na lardin Tver ya fito, ƙauyen da duk namijin da ya isa ɗaukar buroshi birni yake nufa. Can ba sa haifar likita, ba sa haifar ɓarawo, masu goge daɓe kawai. Aikin nasu kuwa sai mai ƙashin baya. Mutum zai tuɓe takalmi, ya shafe katako da narkakken kakin zuma, ya ɗaure buroshi a tafin ƙafar dama, ya goya hannuwa a baya kamar mai jiran hukunci, sannan ya yi ta wurga ƙafar nan dama da hagu yana ja da baya, har sai daɓen ya nuna masa gemunsa. Panfil ya ce shi ba gemu kaɗai yake gani ba, har furfurar ciki yana iya ƙirgawa.

A shekarar da Sarki ya gaji da tarzoma ya yarda, rai ba daɗi, a kafa majalisar wakilai, sai ƙungiyarsu ta masu goge daɓe ta sami aikin gidan. Aka ba Panfil dogon zauren nan mai ginshiƙai, inda wakilai ke kai da kawowa suna shan taba suna gyara ƙasa da baki. Da sassafe yake gogewa. In an fara zama kuma sai ya tsaya bayan ƙofa da tsumma a hannu, wai yana jiran ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga takalman manya. Ƙofar kuwa ba ta rufuwa sosai. Shi ya sa duk abin da aka faɗa a ciki, na masu son gyara da na masu cewa a bar komai yadda kakanni suka bari, yana kunnen Panfil kafin ya isa gidan jarida. An rushe majalisar a gabansa, an sake zaɓe, an sake rushewa. Shi dai yana nan da buroshinsa.

Daga nan ya sami sarautarsa ta gaskiya, wato kujerar da ke jikin murhu a gidan shayin Kolobov. Da la'asar masu keken doki da masu gadin ƙofa da magina kan cika wurin. Duk ranar da jarida ta fito da farin fili a inda hukuma ta cire jawabin wani ɗan adawa, sai Gavrila mai keken doki ya shimfiɗa ta a teburi, ya dangwala yatsa a farin wurin.

"Panfil Yegorich, cika mana nan."

Shi kuma sai ya danna guntun sukari a tsakanin haƙora, ya kurɓi shayi ta cikinsa, ya ja lokaci har sai an roƙe shi sau biyu. Sannan ya miƙe ya yi jawabin da muryar mai shi, har da bugun teburi, har da ƙararrawar shugaban majalisa da yake yi da cokali a jikin kofi. Shekara tara ba wanda ya zauna a kujerar nan, ko da shi ba ya nan. Kyanwar Kolobov ma ta san iyakarta.

To, akwai Demyan.

Demyan ƙanin matarsa Lukerya ne. Ya je yaƙin Japan da kunnuwa biyu, ya dawo da su a manne a kai amma babu aiki, igwa ta cinye. In ba a kafa masa baki a kunne an yi ihu ba, sai dai murmushi. Ba mai ɗaukarsa ko dakon itace. Lukerya ta yi ta kuka har Panfil ya gaji ya kai shi ƙungiya, ya tsuguna da hannunsa ya ɗaura masa buroshi, ya riƙe ƙugunsa yana juya shi kamar mai koya wa dabbar nan beyar rawa. Wata shida suna haka. Demyan ya iya, ba laifi. Panfil kan ce ya iya kamar yadda jaki ya iya hanyar gida.

Ana cikin babban yaƙi da Jamus, samari duk an kwashe, sai wani jami'in fada mai gilashin ido ɗaya ya zo wurin shugaban ƙungiya, yana neman mutum guda da zai riƙa goge ɗakunan fadar da ke bayan gari. Panfil ya sa aka wanke masa jar rigarsa, ya taje gemu. Wa za a ɗauka in ba shi ba? Jami'in ya bi layi yana duba mutane kamar mai sayen doki. Ya yi wa Demyan tambaya, Demyan ya yi murmushi. Ya maimaita, Demyan ya ƙara faɗin murmushin.

"Ranka ya daɗe, kurma ne," in ji shugaban ƙungiya, yana jin kunya.

"Kurma?" Jami'in ya gyara gilashinsa. "Madalla. Gobe ya zo da kayansa."

A lokacin kuwa zancen fada ya cika gari. Sarki yana bakin daga, an ce Sarauniya ce ke juya ƙasa, ita kuma an ce wani mai addu'a ɗan Siberiya ne ke juya ta. Minista kan kwana da muƙami ya tashi babu. Duk abin da aka raɗa a ɗakin can, kafin mako ya zagayo yana bakin mata a layin burodi. Fada ta gaji da masu kunne.

Lahadin farko da Demyan ya dawo gida, aka biyo shi daga coci har gidan shayi. Gavrila ya kafa masa baki a kunne.

"Demyan Sidorich! Ka gan shi? Mai addu'ar! An ce ta ƙofar baya yake shiga!"

Demyan bai ji ko rabi ba. Ya ɗaga gira, ya ce, "Hm."

"Kun ji ko?" Gavrila ya juyo, ido waje. "Hm, in ji shi! Na rantse da Allah gaskiya ne!"

"Me ya ce? Bai ce komai ba!" in ji Panfil daga jikin murhu.

"Ai mutumin fada ba ya faɗa da baki, Yegorich. Ka dubi girarsa mana."

"Girarsa haka take tun yana tsumma. Ku zo ku ji, jiya wani wakili ya tashi a kan maganar raba wa manoma ƙasa..."

"Bari tukuna, Kawu. Demyan Sidorich! Ita kuma Sarauniya fa? Da gaske akwai wayar da take magana da Jamus?"

Demyan ya hura shayinsa, ya girgiza kai don zafi.

"Kai! Har ya kasa faɗa!"

Haka aka fara. Panfil na da jawabai cike da ciki, na gaskiya, da kunnensa ya ji, amma wa ke son zancen dokar ƙananan hukumomi alhali ga mutumin da ke goge ƙarƙashin gadon Sarauniya? Ranar da sanyi ya tsananta, Kolobov da kansa ya zo yana murza hannu.

"Panfil Yegorich, don Allah ɗan matsa. Baƙonmu Demyan daga jirgin ƙasa yake, ƙafarsa ta daskare."

Ya matsa. Kujerar ba ta sake dawowa ba. Sabon wurinsa kusa da ƙofa yake, inda duk mai shigowa sai ya zubo masa iska a wuya.

Abin bai tsaya a gidan shayi ba, har ɗaki ya biyo shi. Da bikin Ista aka raba wa ma'aikatan fada ƙwai na tangaran, mai zanen zinariya. Demyan, da yake ba shi da mata, ya kawo wa yayarsa. Lukerya ta ɗaura masa jan zare ta rataye shi a kusurwa, ƙarƙashin hoton waliyyai, daidai inda Panfil ke fuskanta in zai yi addu'a. Maƙwabta suka riƙa sallama don su gani.

"Shekara goma ina yi wa majalisa aiki," in ji shi, "me suka taɓa ba ni? Guntayen taba."

"To ka rataye guntun tabar mu gani," in ji Lukerya.

Da kaka ta kama, labari ya zo cewa tsohon da ke aiki tare da Demyan ya rasu, kuma bayan mako bakwai jami'in nan zai ɗauki wani. Panfil ya kwana biyu yana juya abin. Ran Asabar ya tafi gidan wanka, ya hau can saman benci inda tururi ya fi zafi, ya sauko yana dafe da kai. Wai wani abu ya fashe masa a ciki. Daga ranar Panfil Yegorich ya kurumce.

Ya iya, a ba shi wannan. Ai ya shekara goma yana kallon Demyan. Ya koyi karkata kai, ya koyi murmushin, ya koyi kallon leɓen mai magana. Abin da bai lissafa ba shi ne, kurma na gaskiya ba ya jin abin da ake faɗa a kansa.

"Allah sarki," in ji Gavrila, yana zaune dab da shi. "Amma fa mun huta. Mutum ya yi ta jawabi kamar shi aka zaɓa."

"Muryar shugaban majalisar ma ba ta yi kama ba," in ji Kolobov. "Na taɓa jin mutumin."

Panfil ya yi murmushi, ya tauna sukarinsa har haƙori ya yi ƙara.

Lukerya kuwa kwana uku ta ɗauka ta gano shi. Tukunyar miyar kabeji ta tafasa ta fara zuba a bayansa, ya zabura ya waiwaya. Ta dube shi, ya dube ta.

"In ka gama kurumtar, tsoho, ga abinci," ta faɗa a hankali. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai kullum ta zauna kusa da shi tana yabon Demyan da ƙaramar murya.

Sai ga babbar jarrabawa. A farkon watan Nuwamba majalisa ta dawo zama, wani jagoran 'yan adawa ya hau mumbari ya wanke gwamnati tas, ya jero laifuffukanta ɗaya bayan ɗaya, har ya taɓo na kusa da gadon sarauta, abin da ba a taɓa yi ba a ɗakin nan. Zaure ya ɗauki ihu. Panfil na bayan ƙofa da tsummansa, kowace kalma ta shige masa kamar an buga ƙusa. Washegari jaridu suka fito fari fat, shafi guda babu ko ɗigo. Garin duka ya haukace da son ji.

Da la'asar Gavrila ya shimfiɗa jaridar, ya dubi farin filin, ya dubi Panfil da ke bakin ƙofa, ya yi ajiyar zuciya.

"Kai, Allah bai so mu da rahama ba. Yau ga ranar Yegorich, ga shi ya zama kututture."

"Da ma kujerar nan tasa ce," in ji wani magini. "Da yana ji, ni da kaina zan ɗaga Demyan."

Jawabin na nan a maƙogwaron Panfil, da bugun teburinsa, da inda za a kaɗa cokali. Kujera na kallonsa, taku huɗu. Ya buɗe baki. Sai ƙwan tangaran ya faɗo masa a rai, ya ga nasa rataye kusa da na Demyan, wataƙila ma ya fi girma. Ya rufe bakin, ya ɗaga gira, ya ce, "Hm."

Ba wanda ya ko waiwaya. Ashe "hm" ɗin ma sai na fada.

Ranar gwaji ya hau jirgin ƙasa da jar rigarsa. Aka shigar da shi ta ƙofar ma'aikata, zuwa wani ɗaki da ba kowa sai jami'in mai gilashi, da magatakardansa, da Demyan a gefe yana washe baki don murnar ganin mijin yayarsa. Jami'in ya sa aka saki faranti na ƙarfe a bayan Panfil. Ko gezau. Magatakarda ya ƙwala ihu, "Gobara!" Panfil na kallon silin yana murmushi. Mutumin da ya haɗiye jawabin Nuwamba, faranti ne zai tayar masa da hankali?

Aka yi masa nuni da daɓe. Ya tuɓe takalmi, ya ɗaura buroshi, ya goya hannu. Ranar ya yi aikin da bai taɓa yi ba. Ƙafar nan ta dama tana tafiya kamar ba a jikin mutum take ba, katako na buɗe ido a bayansa, har fitilun sama suka sauko suka kwanta a ƙasa. Yana ja da baya, ya zo dab da jami'in, sai ya ji shi yana ce wa magatakarda, murya ƙasa-ƙasa:

"Ba laifi. Salon Demyan ne sak, da gani shi ya koya masa. Bai dai kai shi ba, amma zai koya."

Buroshi ya tsaya.

"Wa ya koya wa wa?" Panfil ya juyo. "Ranka ya daɗe, wannan? Wannan da na ɗauko ba ya bambance kaki da man shanu? Ni na ɗaura masa buroshi da hannuna! Wata shida ina riƙe da ƙugunsa! Har gobe gefen bango yake bari, ku duba bayan ƙofar can in ƙarya nake!"

Jami'in ya cire gilashinsa, ya goge, ya mayar.

"Barka da samun sauƙi," ya ce. "Jirgin ƙarfe biyu bai tashi ba tukuna."

Demyan, da bai ji komai ba, ya ga dai surukinsa na nuna shi da yatsa cikin zafin rai, ya ɗauka yabonsa ake yi. Ya raka shi har tasha, ya cusa masa burodi mai nama a aljihu, na kicin ɗin fada. Panfil ya ci a jirgi, don yunwa ba ruwanta da zuciya, kuma abin haushin shi ne ya yi daɗi. Abin da ya fi cin ransa har yau, bai sani ba ko tarko jami'in ya ɗana masa, ko kuwa har zuciyarsa haka ya gani.

Ya koma gidan shayi ya ba da sanarwar cewa wata tsohuwa ta ɗiga masa man fitilar coci, kunne ya buɗe. Ya miƙe zai yi jawabin Nuwamba. Ashe a makonnin nan an buga shi da keken rubutu, ya bi gari hannu da hannu, Gavrila ma da bai iya karatu ba ya haddace.

"Ka tsallake wuri, Kawu," in ji shi tun a jimla ta uku. "Kawo in ƙarasa maka."

Kafin Kirsimeti kuma aka tsamo gawar mai addu'ar nan daga ƙarƙashin ƙanƙarar kogi. Ranar Lahadi sai da Kolobov ya ƙaro benci. Demyan ya ce "hm" sau huɗu, aka kwana bakwai ana fassara.

Sauran kowa ya sani. Ƙarshen Fabrairu mata suka gaji da layin burodi, ma'aikata suka fito, sojoji suka juya bindiga. Duk garin ya kwararo gidan majalisa, don ba a san inda za a je ba sai nan. Ministocin da ake rawar jiki in an ji sunansu, ga su ana shigo da su ɗaya-ɗaya, soja gaba soja baya, ta tsakiyar zauren Panfil. Bayan 'yan kwanaki aka ce Sarki ya sauka. Panfil ya tsaya jikin ginshiƙi yana kallon daɓensa, wanda ya koma kamar garken shanu, taɓo da ƙanƙara da tofi da bambaro. Zuciyarsa na ciwo, amma can ƙasa akwai wani ɗan sanyi. Fada ta ƙi shi, to ga fada an kawo masa har gida. Yanzu wa ke da labari?

Ana haka sai ga Demyan, buroshi a hammata, hula a hannu. An sallami rabin ma'aikatan fada, ya zo neman aiki wurin mijin yayarsa. Panfil ya dube shi sama da ƙasa. Ya daɗe yana jiran wannan rana, har ya tanadi abin da zai faɗa. Ya kafa masa baki a kunne yadda kowa zai ji:

"A'a! Mutumin fada! Mai goge ɗakin Sarauniya! Yau kai ne a wurinmu?"

Kowa kuwa ya ji. Wani ɗalibi mai jan ƙyalle a hannu ya yi tsalle ya cafki Demyan.

"'Yan'uwa! Ga wanda ya yi bauta a cikin gidan zalunci! Da idonsa ya gani!"

Kafin Panfil ya ce wani abu an ɗora Demyan a kan teburi, sojoji sun yi masa zobe. "Faɗa mana, ɗan'uwa! Kada ka ji tsoro, yanzu akwai 'yanci!" Demyan ya dubi ɗaruruwan bakunan da ke motsi, ya murza hularsa, ya ɗaga gira.

"Hm," ya ce.

Zauren ya kusa tsagewa. "Azaba ta hana shi magana!" Suka saɓa shi a kafaɗa suka zagaya da shi ginshiƙai sau biyu, suna waƙa, suna taka abin da ya rage na kakin. Washegari hotonsa ya fito a jarida, kuma babu farin fili ko ɗaya. Kolobov ya yanke hoton ya manna a bango, saman kujerar jikin murhu.

Yanzu su biyun ke goge zauren, Demyan daga gabas, surukinsa daga yamma, su haɗu a tsakiya ba mai ce wa wani komai.

Ni mai ba ku labarin nan, na ga bai kamata a bar mutum irin Panfil ba tarihi ba, shi ya sa na rubuta wannan, na same shi da safe yana aiki, na karanta masa tun daga "a cire huluna" har nan. Na ce, "Kawu Panfil, ka ga yanzu ka shiga littafi. Jikokin jikoki za su san ka."

Bai daina wurga ƙafa ba.

"Sunan Demyan ya yi yawa a ciki," ya ce. "Ɗaga ƙafarka, ban goge nan ba."